Sunan Montessori Na Bakin Ƙofa, Amma Me Ke Cikin Ajin?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya zaga unguwannin Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ba zai rasa ganin allunan makarantun rainon yara ba, da yawansu kuwa an rubuta musu sunan Montessori. 'Yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun su ma suna kai 'ya'yansu irin waɗannan makarantu, suna biyan kuɗi kowane zango daga abin da suka samu da guminsu. To, ya kamata mai biya ya san abin da ya saya. Shin wace ce mai wannan suna, kuma yaya ta ce a shirya ajin yara ƙanana?

Mariya Montessori likita ce, mutuniyar ƙasar Italiya. An haife ta cikin 1870, ta sauke karatun likita a birnin Rum cikin 1896. A wata unguwar talakawa ta birnin, wadda ake kira San Lorenzo, wani kamfani ya gyara manyan gidajen haya. Iyaye kan fita neman abinci tun da safe, su bar yara suna ta ɓarna, suna ɓata bango. Sai masu kamfanin suka ga ya fi musu arha su tara yaran a ɗaki guda a ƙarƙashin kulawar wani. Aka nemi likitar ta shugabanci aikin, aka buɗe wurin ran 6 ga Janairu, 1907, da yara wajen 50, aka sa masa suna Gidan Yara.

ƊAKI DAIDAI DA YARO

Abin da ta fara lura da shi shi ne, kayan ɗakin duk na manya ne. Saboda haka ta sa aka ƙera 'yan tebura da kujeru marasa nauyi, waɗanda ɗan shekara 3 zai iya ɗauka da kansa ya kai inda yake so. Aka sauko da wurin wanke hannu daidai tsayin yara. Wanda ya fi son zaman ƙasa sai ya shimfiɗa 'yar dardumarsa ya yi aikinsa a kai.

Da fari kayan aikin yaran a kulle suke cikin babban kabad, malama ce ke rabawa. Ran nan ta manta ba ta kulle ba, ta kuma makara. Ko da ta iso sai ta tarar yara sun buɗe, kowa ya zaɓi abin da ransa ke so. Malama ta ɗauki abin a matsayin laifi, amma likita ta gane cewa yaran sun isa zaɓe ne. Daga nan aka koma ga gajerun kantoci marasa ƙofa, kowane abu da mazauninsa, wanda ya ɗauka shi zai mayar.

Kayan kuwa ba na ado ba ne. Akwai baƙaƙen da aka yanka daga takarda mai kaushi irin ta kafintoci, yaro yana bin su da yatsa yana faɗar sautinsu tun bai riƙe fensir ba. Akwai ƙyallayen koyon sa maɓalli da ɗaura igiya. Yara kan yi shara, su goge tebur, su raba abinci. Har ila yau 'yan shekara 3 zuwa 6 aji ɗaya suke zama, ƙanana na koyo daga manya. Aikin malama shi ne ta nuna, sa'an nan ta ja baya ta sa ido.

AJI MAI BANGON GILASHI

Likitar ba ta ɓoye abin da ta gano ba. Cikin 1909 ta tara malamai wajen 100 ta yi musu kwas, ta kuma wallafa littafin da ya bayyana hanyarta, aka juya shi zuwa Turanci cikin 1912. Amma ta san gani ya kori ji. A babban bajekolin da aka yi a San Faransisko ta Amurka cikin 1915, an gina aji mai bangon gilashi, aka jera kujeru a waje. Wata da watanni malamai da iyaye na zuwa suna zama, suna kallon yara na aikinsu, yaran kuwa ko a jikinsu. Cikin 1929 ta kafa ƙungiyar da ke horar da malamai, cikin 1939 kuma ta tafi Indiya inda ta yi shekaru tana wannan aiki. Ta rasu cikin 1952.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sunan nan ba shi da mai tsaronsa. Hukumar rajistar sunayen kasuwanci ta Amurka ta yanke tun 1967 cewa suna ne na kowa. Watau allon bakin ƙofa ba shaida ba ne. Ana iya samun makaranta mai sunan, alhali kuwa ɗakin haya ne mai duhu, yara cunkushe kan dogayen bencuna, suna bin malama da haddar abin da ba su gane ba.

ABIN DA ZA KU DUBA

Saboda haka, jama'a, kafin ku biya, ku nemi a bar ku ku shiga aji ku zauna ko da rabin sa'a ne. Ku duba ko ƙafar yaro tana taɓa ƙasa in ya zauna. Ku duba ko hannunsa na kaiwa ga kayan aiki ba tare da ya roƙa ba, ko kuwa an jera su can sama don burge baƙi. Hotunan bango, daidai idon wa aka manna su? Akwai taga, da iska, da ruwan wanke hannu? Ku ƙidaya yaran kuma: Manufar Ilmi ta Ƙasa, bugun 2004, ta ƙayyade malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki. Makarantar da ta hana uba ko uwa leƙa aji, akwai dalili.

Ga malaman makarantun unguwanninmu kuwa, da na Islamiyya masu karɓar ƙananan yara, wannan gyara ba sai da kuɗi mai yawa ba. Kafintan unguwa zai iya rage ƙafafun benci, ya kafa gajeriyar kanta. Tabarma, da ƙorai, da ludayi, da muraben kwalba don ƙidaya, duk suna nan a hannu, sai dai a kiyaye ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa ko ya cusa a hanci.

Abu na ƙarshe, kada kowace malama ta rufe ƙofa da abin da ta sani. Makarantu uku ko huɗu na unguwa ɗaya za su iya shirya ziyara sau ɗaya a wata: malama ta je ajin 'yar'uwarta, ta zauna a gefe ba ta ce uffan ba, ta rubuta abin da ta ga yara suna yi, bayan an tashi su tattauna. Shugabannin al'ummarmu na zango-zango, waɗanda suka saba haɗa kan jama'a, su ne suka fi dacewa su kira zaman farko.