Koyon gyaran inji a fadamun Wurno, Rabah da Goronyo

Gyaran ƙananan injina sana'a ce da ta kafu a gabashin jihar Sakkwato a sanadiyyar noman rani. Kafin shekarun 1980, da jigo da ƙwarya ake ba albasa da tafarnuwa ruwa a fadamun Rima. Gina madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, da shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990, su suka yaɗa rijiyar burtsatse mara zurfi da injin ban ruwa mai shan fetur. Da injin ya yawaita a Wurno da Goronyo da ƙauyukan Rabah da ke gaɓar gulbin Sakkwato, sai buƙatar mai gyaransa ta taso, matasa kuma suka sami abin koyo.

Galibin wannan koyo a rumfar bakanike ake yinsa, a bakin kasuwa ko gefen tasha. Uba ko yaya ne ke kai yaro ya danƙa shi ga mai rumfa, wanda yara ke kira oga. Ba a cika rubuta yarjejeniya ba, amana ce tsakanin manya. Watannin farko na yaro a wankin kayan inji da fetur suke ƙarewa, da miƙa sifana da zuwa aike wurin masu sayar da kayan gyara. Daga nan a bar shi ya kwance fulogi ya goge, ya buɗe kabureta ya busa. Sai hannunsa ya faɗa ake yarda ya taɓa fistin da ringi da bawul. Ranar yaye ba ta da lokaci tsayayye. Oga ne ke duba yaro ya ce ya isa, sau da yawa bayan 'yan shekaru, a yi addu'a, wani ogan ya haɗa masa da 'yan kayan aiki.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne koyon gane ciwon inji, domin kwancewa da ɗaurawa kowa na iya kwaikwayo. Manomi kan zo da inji ɗaure a bayan babur ya ce ya ƙi tashi, ko ya ce yana tashi amma ba ya jan ruwa. Gogaggen bakanike zai fara jan igiyar a hankali ya ji ƙarfin matsin fistin a hannunsa. Zai cire fulogi ya dubi bakinsa: in ya yi baƙi ƙirin a bushe, fetur ya yi wa iska yawa, in kuma ya jiƙe da baƙin mai, ringi ya cinye. Zai jingina fulogin a jikin inji ya ja igiya ya ga ko wuta na tartsatsi. Duk wannan kafin ya kwance ƙusa ko ɗaya ta cikin inji, yaro kuwa na tsugune yana kallo. Bayani da baki kaɗan ne a rumfa, kuma nan ne raunin tsarin yake, don yaro kan iya gyara abu shekara da shekaru bai san dalilin lalacewarsa ba.

Yawancin matsalolin daga yanayin wurin suke fitowa. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska a daidai lokacin da ake tsakiyar ban ruwa. Fetur ɗin da ake saye a kwalba kan zo da datti ko ruwa ya toshe kabureta. Rairayin da inji ke zuƙowa daga rijiya yana cin fankar da ke tura ruwa, wanda kuma ya tayar da inji bai cika tukunyar famfon da ruwa ba zai ƙone sil cikin ɗan lokaci. Ga kuma jinkirin canza baƙin mai, wanda shi ne ajalin injina da yawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wasu manoma sun koma amfani da iskar gas ta girki, wasu da famfo mai aiki da hasken rana, kanikawa kuma suna koyon waɗannan a kan aiki.

Kasuwar sana'ar tana bin kalandar noma. Daga ƙarshen kaka zuwa bazara rumfa ba ta rabuwa da injin ban ruwa, har bakanike kan bi manomi gona don albasa ba ta jiran gobe. Da damina ta sauka sai aiki ya koma kan babura da janareto da injin niƙa. Shi ya sa da wuya a sami wanda ya tsaya kan inji iri ɗaya.

Injin jirgin ruwa shi ne ɓangaren da masu iya shi suka fi ƙaranci. Masunta da yawa a tafkin Goronyo da gulbin Rima har yanzu da filafili da gora suke tuƙi, masu injin kuwa irin wanda ake maƙalawa a bayan kwalekwale suke amfani da shi, kamar Yamaha. Ya bambanta da injin ban ruwa ta fuskoki masu muhimmanci. Yawancinsa fetur ake gauraya masa da baƙin mai a ma'auni, sau da yawa kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, kuma da ruwan gulbi yake sanyaya kansa ta wata ƙaramar fankar roba. Muddin siririn ruwan da ke tsartuwa a bayansa ya tsaya, inji na gab da ƙonewa. Zaren koma kuma kan naɗe a bayan farfela ya yanke sil, ruwa ya shiga man giya ya mayar da shi fari. Wanda ya koyi aiki a kan babur kawai ba lallai ya lura da waɗannan ba. Bambancin kuma ba ƙarami ba ne, domin injin gona in ya mutu amfani ne ke shan ƙishi, amma na jirgi a tsakiyar ruwa yake mutuwa da mutane a ciki, musamman ranar Lahadi da ake cika jirage zuwa kasuwar Goronyo.

Akwai hanyar karatu ga mai so. Kwalejojin fasaha na gwamnati irin na Farfaru da Runjin Sambo a birnin Sakkwato suna shirya ɗalibai don jarrabawar fasaha ta hukumar NABTEB, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya kuma tana ba da takardar gwajin sana'a mataki uku, wadda ko ɗan rumfa zai iya nema. Sai dai waɗannan makarantu sun fi karkata ga mota da lantarki da walda, kuma suna da nisa da yaron da ke ƙauyen bakin gulbi. Horo na 'yan makonni kan injin jirgi, a kai shi garuruwan nan a lokacin damina da aikin rumfa ke raguwa, zai fi amfanar kanikawan yankin fiye da rabon kayan aiki ba tare da koyarwa ba.