Kukan inji a tudu ba shaidar lafiya ba ne

Duk shekara, da zarar ruwan Komadugu ya fara saukowa daga yamma, sai cinikin tsofaffin jiragen ruwa ya tashi a ƙauyukan bakin kogi, daga wajen Maine-Soroa har Assaga da Boso. Tare da cinikin kuma sai wata ɗabi'a da na gaji da gani ta dawo. Mai sayarwa zai jingine inji a jikin kututture ko bayan mota, ya finciki igiya, inji ya ɗauka, ya murɗa masa wuta har ƙura ta tashi, sannan ya dubi mai saye ya ce, "To Alhaji, ka ji da kunnenka." Alhaji kuwa ya gyaɗa kai, 'yan kallo su ce ai Yamaha ba ya mutuwa, a ƙirga kuɗi. Abin da Alhaji ya ji da kunnensa shi ne ana ƙone masa kaya tun bai biya ba.

Injin da ake magana shi ne wanda ake ratayawa a bayan jirgin katako, galibi Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, wanda ake haɗa masa fetur da mai a tanki ɗaya. Wannan kowa ya sani. Abin da mutanenmu suka kasa riƙewa shi ne yadda yake shan sanyi. Mun saba da babur da ƙaramin injin ban-ruwan gonar tattasai, waɗanda iska ke hurawa su huce. Injin jirgi kuwa da ruwan kogi yake rayuwa. A can ƙasan ƙafarsa akwai 'yan ramuka da ruwa ke shiga, a samansu kaɗan akwai famfo, wato wata roba mai fuka-fukai da ke juyawa cikin gidan ƙarfe, tana tura ruwa sama ya zaga kan inji ya fita. Wannan roba ruwan da take turawa shi ne yake jiƙa ta. Idan ta juya a bushe, ba ta kai minti ɗaya fuka-fukanta sun yi zafi, sun narke ko sun tsage. Kuma ba a ganin wannan daga waje. Inji zai ci gaba da kukansa mai daɗi, a ɗora shi a jirgi, a yi lodi, a kai tsakiyar ruwa, sai kai ya ɗauki zafi fistin ya kama. Daga nan sai a ce maita ce, ko mai sayarwa ya yi asiri. Babu asirin kowa, a gaban idonka aka yi ɓarnar kana murmushi.

Wasu kan ce ai ɗan lokaci kaɗan ne, ko kuma a watsa masa ruwa da buta. Ruwan buta bai isa wurin robar ba. Dole ƙafar inji ta nutse har ruwa ya haura inda famfon yake, ko a cikin kogi ko a cikin duro cike. Wasu kuma su ce mun sha yi ba abin da ya faru. Ya faru, ba ku dai buɗe kun gani ba, wanda ya saya ne ya biya. Ko da a ce robar ta tsira, kukan tudu me yake nunawa? Farfela tana juyawa cikin iska, ba nauyi a kanta. Injin da zobensa ya cinye, wanda ba zai iya tura jirgi mai buhu goma ya hau ruwa ba, zai yi ihu a tudu fiye da sabo. Wanda ya saya a kan wannan ihu, cinikin biri a sama ya yi.

Kuma a namu kogin abin ya fi muni. Komadugu ba ya gudu shekara duka. Ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake tahowa, madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano sun daɗe suna rage masa ƙarfi, yana cika wajen ƙarshen shekara, sannan ya janye ya bar kududdufai da yashi. Wato inji kan yi watanni a kwance cikin ɗaki. Roba da ta daɗe a lanƙwashe wuri ɗaya takan sandare, ga yashin da ta sha a bara ya riga ya ci gefenta. Ƙari a kan haka, tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a watan Fabrairu na 2015, aka kuma kwashe mutanen tsibiran Tafkin Chadi bayan harin da aka kai tsibirin Karamga a watan Afrilun shekarar, aka hana kamun kifi na shekaru, injuna da yawa sun yi dogon barci. A lokacin mutanen Assaga da kansu sun bar bakin kogi suka koma gefen babbar hanya. Injin da ya kwana haka, kada kyan fentinsa ya ruɗe ka.

To ɗan'uwa, in ka ƙudura sai ka saya, ka je da makanikin da kai ka ɗauko, ba wanda mai kaya ya kawo ba. Kafin a ja igiya ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an tashe shi kafin ka iso don kada ka ga wahalar tashinsa da sanyi, ka ce za ka dawo gobe da sassafe. A cire filogi a duba bakinsa, in fari ne fat ko da ɗigon ruwa a jiki, akwai magana. A ja igiya a hankali a ji ko tana turjewa, wadda ke tahowa salin-alin alamar ƙarfi ya tafi ne. Sannan a kwance ƙusar man giya ta ƙasa a ɗiga kaɗan a tafin hannu. Man da ya koma fari-fari ruwa ya shige shi, kuma sau da yawa zaren koma ko na ƙugiya ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. A cire farfelar a gani, aikin minti biyar ne. Bayan duk wannan sai a shiga ruwa, da irin kayan da za ka riƙa ɗauka, a hau ruwa ba a bi shi ba, a yi tafiya mai ɗan tsawo. Idonka ya tsaya a kan siririn ruwan da ke tsartowa ta bayan inji. Muddin yana fita da ƙarfi, famfo na aiki. Ya yi rauni ko ya ɗauke, a kashe nan take. Ko da komai ya yi kyau, ka sa sabuwar robar famfo kafin ka fara aiki, ka kuma ajiye wata a jirgi, kuɗinta bai kai na fistin ɗaya ba.

Kada kuma girma ya ja ka. Mai doki 40 in an take shi sosai yakan sha kusan lita 20 a awa guda, mai doki 15 kuwa lita 7 da ɗoriya. Wanda aikinsa fito ne daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko kai buhunan tattasai da shinkafa 'yar tafiya kaɗan, me zai yi da babba, a yankin da jarkar fetur kanta kan jawo tambayoyi a shingen jami'an tsaro? A kuma gwada tsawon ƙafar inji da tsayin bayan jirgi, don doguwar ƙafa a kogi mai tudun yashi kullum cikin noma take.

Batun haɗin mai shi ma yana ci mini rai. Ma'aunin da aka saba ga waɗannan injuna kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na mai, wato jarkar lita 20 tana son rabin lita ba kaɗan, mililita 400. A auna da kwalba mai shaida, a girgiza. Mutum ya zuba da ido, ko ya ɗauko baƙin man da aka juye daga mota don ya fi araha, wannan zaluntar kai ne. A tace fetur da tsumma mai tsabta, na bakin hanya ba ya rasa ruwa da ƙasa.

Jirgin kansa, a kifa shi a bi katako da tsinin wuƙa, musamman allon baya inda inji ke zama. Inda wuƙa ta shige ba gardama, gara ko ruɓa ta riga ka. Sabuwar kwalta mai kauri a wuri ɗaya tambaya ce, a yi ta. Jirgin da ya sha hunturu da bazara a tudu haɗinsa kan buɗe, a jiƙa shi kwanaki ya kumbura kafin a ɗora masa rai.

Lambar da ke jikin inji a rubuta ta a takarda, a yi ciniki gaban Bulama da shaidu. Injin da aka kankare lambarsa, ko kyauta aka ba ka ka bar shi, a wannan yanki amsa tambayar inda ka samo shi ba ƙaramin abu ba ne. Kogin nan iyaka ne tsakanin Nijar da Najeriya, ka san inda aka yarda a bi da lokacin da aka yarda kafin ka sauka.

Saura lodi. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi, kuma yawan mutane aka ɗora wa laifin. Sabon mai jirgi shi ya fi kowa kunyar cewa ya isa, saboda bashin da ya ci yana binsa, ga dangi sun taru a gaɓa. Ka ja layi da fenti a gefen jirgi, in ruwa ya taɓa shi ba mai ƙara hawa, ko surukinka ne. Filafili biyu, sandar tuƙi, abin kwarfe ruwa da rigunan ceto su zauna a ciki, kuma ba a tashi bayan magariba. In ruwa ya fara janyewa a ƙarshen kaka, a ranar aiki ta ƙarshe a cire tiyon mai tun inji yana cikin kogi, a bar shi ya shanye abin da ke kafireta ya mutu da kansa, sannan a ajiye shi a tsaye cikin inuwa.