Zaƙin Hannu da Idon Mai Hoto

A ba mata biyu kuka ɗaya, daddawa ɗaya, murhu ɗaya. Miyar wannan a suɗe kwano, ta waccan a ci don kara. Sai mu ce ta farkon tana da zaƙin hannu, mu rufe magana, mu manta shekarun da ta yi a tsugune gefen uwarta tana iza wuta. Haka muke yi wa masu ɗaukar hoto. Wane yana da ido, baiwa ce! Baiwa kam akwai ta, amma ba ita kaɗai ke tuƙa tuwon ba.

Kyamara ai tukunya ce, haske ne wutarta. A cikin gilashinta akwai 'yar ƙofa da ake buɗewa ko a tsuke, kamar mai ƙara ice ko janye shi. Akwai kuma daɗewar da hasken zai yi yana shiga, wani lokacin ko ƙiftawar ido bai kai ba. Wuta ta yi yawa, fuskar amarya ta ƙone, ta yi fari fat. Ta yi kaɗan, hoto ya fito ɗanye, sai haƙora kawai ake gani. Wa aka haifa da sanin wannan? Wanda bai koya ba, yau ya dace, gobe ya ƙona, kuma bai san dalili ba.

Dubi Seydou Keita na Bamako, wanda yau ake rataye hotunansa a manyan ɗakunan baje koli na Turai da Amurka. Ɗan kafinta ne. A 1935 kawunsa ya kawo masa tsarabar kyamarar Kodak daga Senegal, amma sai 1948 ya buɗe wurin sana'arsa. Tsakanin nan yana ta gwaji, yana koyo wurin magabata irin su Mountaga Dembele. Da hannu ya faɗa, fim na da tsada, don haka galibi sau ɗaya yake ɗaukar mutum, da hasken rana, zanen gadonsa ne labulen baya. Gishiri sau ɗaya, ba ɗanɗanawa.

Wayar yau kuwa ita ke gyara wutar da kanta, ta jefa nata dunƙulen maggi, shi ya sa hotunan biki duk ɗanɗanonsu ɗaya.

In ana yaba idonka, madalla. Amma nemi gwani ka riƙe masa jaka, ka ga inda yake tsayar da mutum da hantsi, da inda yake mayar da shi in la'asar ta yi.