Idan Rana Ta Kayar da Mutum a Bazara

Duk shekara, da Maris ya kama, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan fitar da gargaɗin tsananin zafi, galibi da Turanci, a intanet. Mai haƙar zinare a Bagega ko mai tallan ruwa a kasuwar Gummi, a jihar Zamfara, bai san ma an yi ba. Abin da yake ji shi ne maganar gari: wai kada a kuskura a zuba wa wanda rana ta buge ruwan sanyi, jikinsa zai shanye.

Wannan magana tana kashe mutane. Jikin ɗan Adam tamkar randar ƙasa yake: ruwan da ke tsatsafowa ta bayanta, iska ta busar, shi ke sanyaya na ciki. Aikin zufa ke nan. Idan ruwan jiki ya ƙare, ko iska ta yi nauyi da laima kamar yadda take yi a Mayu gab da faɗuwar damina, zufa ba ta bushewa, sai zafin jiki ya haura digiri 40. Daga nan ƙwaƙwalwa ke rikicewa. Mutum ya fara sambatu, ya kasa gane 'yan gidansu, ko ya yanke jiki ya faɗi. Nan take wasu su ce iska ce, a kawo turare, wasu su ruga kemis neman farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ba ɗayansu da ke saukar da irin wannan zafi, domin ba ƙwayar cuta ta kawo shi ba.

Ruwa ake so, kuma da gaggawa. A ja shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwarara masa ruwa a ka, wuya, hammata da matsematsi, ana fifita, sannan a nufi asibiti ba tare da an daina jiƙa shi ba. Idan hankalinsa ya gushe, kada a ɗura masa komai a baki. Wanda jiri kawai yake ji, a ba shi ruwan gishiri da sukari.

Mai ganin an cika baki ya tuna Afrilun 2024, cikin azumi. A garin Kayes na ƙasar Mali zafi ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farkon watan, da yawansu tsofaffi.

A yammacin Zamfara akwai ƙarin wahala. Da, kwanan waje ne maganin bazara. Yanzu tsoron 'yan bindiga ya sa mutanen ƙauyukan Bukkuyum da Anka kulle kansu cikin ɗaki mai rufin kwano, wanda ya sha rana yini guda, dare ya raba bai huce ba. 'Yan gudun hijira da suka cunkushe a garin Anka kuwa ba a magana. Ko fanka, in an dace da wuta, da zarar zafin ɗaki ya wuce digiri 40 iska mai zafi kawai take hurowa.

A irin wannan zafi, jariri ɗan ƙasa da wata shida nono ya ishe shi, a yawaita ba shi, uwar ce za ta sha ruwa. Tsoho kuwa ba ya saurin jin ƙishi, sai an miƙa masa moɗa an tsaya a kansa. Wannan bayani bai fi minti biyu ba a rediyo ko bayan sallar Juma'a, kuma ƙananan hukumomin Gummi, Bukkuyum da Anka duk suna da jami'an lafiya da ake biya albashi.