Makarantar Kwana ta 'Yan Mata: Wa Aka Gina wa, Wa ke Ciki?

A unguwar Nassarawa aka dasa harsashin karatun boko a Kano, lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909. Ta maza ce zalla. Sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata cibiyoyin karatu a Kano da Katsina. Yau al'amari ya juya: a wannan unguwa da kewayenta makarantun kuɗi ke tseren karɓar 'ya'ya mata, wasu na jeka-ka-dawo, wasu na kwana, wasu sun haɗa duka biyun. Daga cikin tsofaffinsu akwai St. Louis ta Bompai, wadda 'yan Sista na cocin Katolika da suka iso Kano a 1948 suka kafa, kuma gidajen Musulmi da yawa sun kai 'ya'yansu can.

Ba ni da ja a kan amfanin irin waɗannan makarantu. Yarinyar da ke kwana a makaranta ta huta da cunkoson hanya da kuɗin Adaidaita Sahu, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ta huta kuma da wanke-wanke da raino, waɗanda a yawancin gidajenmu kan 'ya mace suke faɗawa, yayin da ɗan'uwanta ke filin ƙwallo. Tana da lokacin bita da dare, da abokan gasa, da malama a kusa.

Tambayata ita ce: wace yarinya ce ta fi buƙatar wannan gado? Hikimar makarantar kwana tun asali ita ce a kusanto da karatu ga wadda ya yi wa nisa. 'Yar manomi a Doguwa ko Sumaila, wadda babu sakandaren mata kusa da ƙauyensu, in ba ta samu wurin kwana ba, sau da yawa karatunta ya tsaya ke nan daga firamare, sai talla, sai aure. Makarantun gwamnati irin su Dala da WTC sun fitar da malamai da ma'aikatan jinya da likitoci daga gidajen da ba su taɓa mafarkin haka ba.

Sai tsoro ya shigo. An sace ɗalibai 276 a Chibok a 2014, aka kwashi na Dapchi a 2018, sannan na Jangebe ta jihar Zamfara a watan Fabrairun 2021. Bayan na Jangebe ne gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana da ke nesa da birni. Ban ga laifin uban da ya ɗauke 'yarsa daga makarantar da ke bakin daji ba. Ko ni ne haka zan yi. Amma a duba inda abin ya kai mu. Makarantar kwanan da iyaye ke iya barci da ido biyu rufe a kanta ta koma tsakiyar birni, bayan doguwar katanga, kusa da Gidan Gwamnati, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, balle manomi. Wadda gidansu ke da mota da direba, tafiyar minti goma, ita ke da gadon. Wadda ke can gefen dajin Falgore tana gida.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma babban nauyin gyara makarantun karkara da tsare su yana wuyan gwamnati. Sai dai masu makarantun kuɗi ma suna da abin yi. Ina ganin bai fi ƙarfin kowace makarantar kwana a GRA ba ta ware 'yan gurabe a kowane aji ga 'yan mata daga ƙananan hukumomin karkara, a zaɓe su ta jarrabawa a fili, ba ta takardar wani babba ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da attajiran Kantin Kwari da Singa za su iya ɗaukar nauyin kuɗin, har da na sabulu da na motar zuwa hutu, domin irin waɗannan ƙananan buƙatu ne ke mayar da 'yar talaka gida tun zango bai ƙare ba.