Tsuntsaye Ma Suna Shuka

Kowa ya san gansakuka, koren abin nan da ke kama bango da bakin rijiya da damina. Ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. To, ta yaya iri ɗaya zai tsiro a ƙarshen duniya na arewa, ya kuma tsiro a ƙarshen kudu, alhali ba a ganinsa a yawancin ƙasashen da ke tsakani?

Wannan tambaya ce ta dami wata ɗaliba, Lily Lewis, ta Jami'ar Connecticut a Amurka. Gansakukar da ta bi sawunta, mai suna Tetraplodon, a kan kashin dabbobi da mushe take tsirowa. Ƙwayoyin irinta masu danƙo ne, iska ba ta kwasarsu sosai, ƙudaje ne ke ɗauka. Amma wane ƙuda ne zai tashi daga Alaska har kudancin Chile?

Sai ta yi zaton tsuntsayen bakin ruwa ne, waɗanda ke yin sheƙa a ƙasa can arewa, su yi ƙaura zuwa Amurka ta Kudu kowace shekara. Aka samo mata gashinsu daga Alaska da Kanada, ita da abokan aikinta suka wanke, suka duba ruwan wankin da madubin da ke ƙara girman abu. Aikin haƙuri ne ƙwarai. A 2014 suka ba da labari: ga ɓurɓushin gansakukar ƙasa, da ta ruwa, da ƙwayoyin fumfuna, maƙale a gashin. In tsuntsun ya sauka kudu ya sake gashi, guzurin nan sai ya faɗi ƙasa.

Wasu masana kuma, a 2021, sun tarar da tsuntsaye iri biyu a dazuzzukan Chile suna tono wani naman kaza na ƙarƙashin ƙasa suna ci, suna baza irinsa cikin kashinsu. Itatuwan dajin kuwa da wannan naman kaza saiwoyinsu ke samun abinci. In tsuntsayen suka ƙare, daji zai ji a jikinsa.

Mun karanta a Matiyu sura 6 yadda Ubanmu na sama ke ciyar da tsuntsaye. Ashe ya kuma ba su aiki. Mu ma muna da baƙi irin waɗannan, masu zuwa fadamun Haɗeja da Nguru daga Turai lokacin hunturu. Iyaye, in kun ga yaro ya ɗauki danƙo ya nufi fadama, ku zaunar da shi ku faɗa masa nisan tafiyar da tsuntsun nan ya yi.