Me ya sa makro ke daina aiki bayan an sabunta Excel?

A ofisoshi da dama akwai wani fayil na Excel da kowa ke tsoron taɓawa. Da shi ake lissafin albashi, ko haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko ƙididdigar kayan sito. A cikinsa akwai maɓalli ɗaya da ake latsawa ƙarshen wata, kafin ƙiftawa da bismilla aikin yini guda ya kammala. Abin da ke bayan maɓallin nan shi ake kira makro, wato jerin umarni da wani ya rubuta don kwamfuta ta riƙa maimaita aiki da kanta. Yaren da ake rubuta shi, VBA, ya shigo Excel tun 1993, shi ya sa wasu fayilolin sun girmi masu amfani da su a wurin aiki.

Ranar da aka sabunta Office, wato tarin manhajojin da Excel ke ciki, ko aka kawo sabuwar kwamfuta, sai a latsa maɓallin, shiru kake ji. Nan take a ce bairos ne, ko a ce wanda ya saka manhajar jabu ya saka. Galibi ba haka ba ne. Ko harafi ɗaya bai canza a makron ba, manhajar da yake dogaro da ita ce ta sauya hali.

A 2010 Microsoft ya fara fitar da Office mai bit 64, daga baya kuma ya zama shi ne ke sauka idan mutum bai zaɓi wani ba. Tsohon makron da ke kiran ayyukan Windows kai tsaye ba zai tashi a kansa ba sai an ƙara kalmar PtrSafe a layukan da suka dace. Masu gyara da yawa a nan suke tsayawa, su liƙa kalmar, saƙon kuskure ya ɓace, su karɓi kuɗinsu. Amma sai an faɗaɗa ma'ajin adireshin ƙwaƙwalwa zuwa LongPtr, in ba haka ba wata rana Excel zai rufe kansa ana tsakiyar aiki.

Wani lokaci kuma da gangan aka toshe makron. Tun 2022 Office ke hana makro tashi a fayil ɗin da aka sauke daga intanet ko ya zo ta imel, sai dai ka ga jan gargaɗi a saman shafi. Ba wulakanci ba ne. Tun bairos ɗin Melissa, wanda ya bazu ta makron Word a watan Maris na 1999, ɓarayin intanet suka mayar da makro ƙofar shigarsu. Idan ka tabbatar da wanda ya aiko fayil ɗin, ana cire masa takunkumi shi kaɗai daga cikin bayanansa, ko a ajiye shi a jakar da aka amince da ita. Mai ba ka shawarar ka buɗe wa kowane makro hanya, neman sauƙin kansa yake yi.

Duk waɗannan da sauƙi, domin makron ya tsaya, an gani. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ke ci gaba da aiki yana ba da amsar ƙarya. Kafin Excel na 2007, shafi ɗaya layi 65,536 yake ɗauka, kuma masu rubuta makro da yawa sun kafe wannan adadi a cikin umarninsu a matsayin ƙarshen shafi. Yanzu shafi na ɗaukar layi 1,048,576. Bayanai na wuce tsohuwar iyaka, sai makron ya tara abin da ya sani, ya bar sauran, ya fitar da jimla tsaf ba ko tari. Akanta ya buga, oga ya sa hannu. A Excel na 2007 ɗin ne kuma aka raba fayil gida biyu: xlsm mai ɗaukar makro, da xlsx wanda ba ya ɗauka. Wanda ya adana tsohon fayil a matsayin xlsx, ya danna "eh" bai karanta gargaɗin ba, ya share makron da hannunsa.

Abin da ke dagula gyara, sau da yawa wanda ya rubuta makron ya daɗe da barin ofis, bai bar bayanin abin da kowane sashe ke yi ba, wataƙila ma ya kulle shi da kalmar sirrin da ya tafi da ita.

Microsoft ya daina kula da Office 2016 da 2019 tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka ofisoshi da yawa za su ƙaura ko suna so ko ba sa so. Kafin a taɓa kwamfutar akanta, a kwafi fayil ɗin a ajiye gefe, a gwada kwafin a sabuwar manhajar da bayanan watan jiya, sannan a jera sakamakon da wanda aka riga aka biya albashi da shi, layi bayan layi.